Akwatuna Uku a Gangare

Ƙarfe shida, sanyin Jos na cin ƙashi,
na kunna tsohon akwatin, na bar shi ya yi ɗumi.
Kwalabensa biyu suna ja a hankali
kamar gaushin mai shayin bakin layi.
Ba a yi masa gaggawa.

Makirufo kunne ne kawai.
Abin da ya jiyo raɗa ne, zare a cikin waya,
sai akwatin da ke bayansa ya ɗaga shi ya zama magana.
Kowannensu kuwa ɗan aike ne,
kowane ɗan aike da irin bakinsa.

Uku gare ni.
Tsohon nan, wajen Oga Dalyop na same shi
da ya bar aikin rediyo; babur ɗina ya tafi a kansa.
Man shanu yake shafa wa murya.
Na biyu fari ne, sabo, ba ƙari ba ragi,
kamar mai awo da ke tsoron Allah.
Na ukun ɗan Dilimi ne, na arha, yana huci kamar kububuwa,
amma ba shi kalangu ka ji cizo.

Gogen Tanimu na da kaifi, yana yankan kunne,
na tura shi wajen tsoho ya dasashe masa baki.
Kachollom in ta ɗauko waƙar coci
numfashinta ma rabin waƙar ne,
sai fari, kar a taɓa mata komai.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan rabon,
har na ɗauka na iya.

Ran Talata sai ga Baba Lawandi da gurminsa.
Haƙori huɗu suka rage masa,
muryar ta tsage kamar ƙwarya a rana.
Tausayi ya kama ni.
Na jona shi da tsohon akwati, na murɗa,
na cike tsagar da mai.

Ya saurara, ido rufe, har ƙarshe.
Ya ce, yaro, wannan wane ne?
Na ce kai ne, Baba.
Ya ce a'a. Wannan bai binne 'ya'ya biyu ba,
bai haƙi kuza a Bukuru ba,
bai taɓa kwana da tari ba.
Ina wanda ba ya ƙarya?

Na zare wayar, na maida ta jikin fari.
Tsagar ta dawo, da shaƙewar,
da ƙarar yawu kafin kowane baiti,
da kujerar da ke kuka in ya gyara zama.
Sau ɗaya muka ɗauka.

Wuta ta ɗauke bayan la'asar.
Na zauna ina kallon kwalaben suna hucewa,
hannuna a kan murfin,
ina lissafin mutanen da na yi wa kwalliya
ba su roƙe ni ba.