Gwangwani Mai Zobe

Ni ne Ilu mai shayi, bakin tashar Kiyawa,
shekara goma sha tara ina huda gwangwani.
Dubi babban yatsana na hagu.
Wannan tabon na madara ne,
wancan na kifi, ranar da wuƙa ta zame
jini ya ɗiga a burodin Ɗan'azumi direba
har ya nemi a rage masa kuɗi.

Tsini a kan murfi, dunƙulen hannu a kan ƙota,
ƙwas, huda ɗaya,
ƙwas, ta biyu don iska ta samu hanya.
Bakin wuƙar ya karye sau uku,
sau uku maƙeri ya ci kuɗina.

Sai ga kwali daga Kano,
kowane gwangwani da zobe a ka.
Ka zura yatsa, ka ɗaga, ka ja,
murfi ya naɗe baya kamar tabarma.
Na buɗe uku ba wanda ya ce a buɗe,
don kawai in sake jin ƙarar.

Bayan isha'i teburi ya cika, gardama ta kaure.
Malam Nadabo na ɗakin shan magani ya ce doka za a kafa,
kamfanin da bai sa zobe ba, a rufe masa kasuwa.
Ya gaji da ɗaure yatsun yara
da aka aika su fasa tumatir da ƙusa da dutse.
Mati mai tireda ya dire kofi:
"Kai albashi kake ci.
Zoben nan daga sama ya faɗo?
Kuɗinsa na cikin gwangwanin.
Matar da ke cefane da ribar ƙuli-ƙuli
za ta ce a bar ta da wuƙarta."
Tanko maƙerin fari ba ruwansa,
shi dai a tara masa fanko ya yi aci-balbal da mazurari,
ko da yake, in ji shi, mai zoben ba ya cizo.
Wani daga duhu ya ce, "In zoben ya tsinke fa?"
Aka yi shiru. Sai ka koma gidan jiya.

Ni ina fifita gawayi, ban tanka ba.
Hankalina na wurin Iya Tasalla ta bayan masallaci,
wadda sanyin ƙashi ya murɗe wa yatsu kamar citta.
Ɗanta na aiko mata da kifin gwangwani daga kudu.
Da hantsi takan dogaro sanda,
guda ɗaya ƙulle a gefen mayafi,
in buɗe mata, ta zauna a ƙarshen benci,
ta faɗa mini kuɗin tiyar gero shekarar da aka haife ni,
ta zagi akuyar maƙwabta,
ta kurɓi shayi ba sukari, ta tafi.

Na ce bari in hutar da tsohuwa.
Na aika mata masu zobe guda biyu.

Kwana uku ƙarshen bencin ba kowa
sai ƙudaje da inuwar tukunya.
Na riƙa kallon lungun masallaci
har ruwa ya tafasa ya zuba.

Rana ta huɗu na ji sanda.
Ta kwance mayafi, ta turo gwangwanin, zobensa na ƙyalli.
"Buɗe min."
Na ce, "Iya, ai wannan ja kawai ake yi."
Ta ce, "Na sani, ɗan nema.
Ɗayan da gindin cokali na ɗaga shi, ko zafi ban ji ba.
Na cinye ni kaɗai ina kallon bango.
Kifin ba ya amsa gaisuwa."

Na ja zoben, murfi ya naɗe,
ta soma da akuyar.

Malam Nadabo, rubuto takardarka ta doka,
zan dangwala mata wannan yatsan mai tabo.
Mati ya ci gaba da lissafinsa, shi ma bai yi ƙarya ba.
Wuƙar kuwa tana nan ƙarƙashin teburi,
ban ba Tanko ba tukuna.