Motoci Biyu a Hawes

Jar motar Wilfred ta girme ni da shekara goma.
Cikinta na shafar ƙasa kamar na kadangare,
kullum tana lulluɓe a gareji.
Sai Lahadi take ganin rana,
in ranar ta ga damar fitowa.

Ta Glenda kuwa guntuwa ce mai dogayen ƙafafu,
ba ta san sabulu ba.
A bayanta ciyawa, karen kiwo, wani jiƙaƙƙen ɗan rago.

Jiya kogi ya haye hanya.
Na hango Wilfred, wando a naɗe,
guntuwar na jan jar daga laka.

Da yamma ya kai wa Glenda kwalbar zuma,
ya dawo yana goge fitila da hannun riga,
yana ba motarsa haƙuri.