Maɓallin Sharewa

Ƙarfe ɗaya na dare a Mabera.
Zafi bai tafi ba, wurin zama ya sake.
Na ɗora kwamfuta bisa kifaffen turmin Inno,
waya na ɗura mata intanet kaɗan-kaɗan
kamar mai ba jinjiri kunu da cokali.

Can Gwadabawa, a ɗakin ajiyar asibiti,
tsakanin kwalin safar hannu da firjin rigakafi,
akwai na'urar da ban taɓa ganin fuskarta ba.
Ita ke riƙe da sunayen masu awo.
Sista Ramlatu ta bugo tun magariba:
"Muntari, abin nan ya ƙi, gobe kuma mata za su cika benci."

Na yi sallama, ƙofa ta buɗe.
Baƙin allo, ɗan ɗigo yana ƙifta mini ido.
Na fara rubuta umarni, yatsa ya zame,
harafi guda ya shigo ba gayyata.
Na danna sharewa.
^H
Na ƙara.
^H^H
Tsintsiya ce ke zubar da shara.
Na taɓa kibiyar sama in dawo da abin da na faɗa ɗazu,
sai ga ^[[A
kamar sawun kaza a ɗanyen siminti.

Na fara zargin na kusa, halin mutum ke nan.
Na kifa madannai, na bubbuga, na hura,
ɓarɓashin ƙuli-ƙulin jiya ya zubo, da ƙwayar riɗi biyu.
Na gwada a nan gida: yana sharewa sumul.
Ashe ba shi da laifi.
Na ba shi haƙuri a zuci.

To ke ta can, da wane suna kika san ni?
Ta faɗi wani tsoho,
wanda Lauwali ya rubuta mata shekara shida
kafin ya bar aikin ya koma sayar da albasa Aliero.
Na ce, jero mini alamun da kike ji.
Ta jero. Na bi layin da yatsa.
Sharewa a wurinta ^? ce.
Tawa ^H.
Ni ina cewa "mi", tana jiran "me",
kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya magana ba.

Ban yi gardama ba.
Na rubuta stty erase, a hankali,
don kuskure a nan ba ya gogewa tukuna,
na danna maɓallin, na ce: wannan nake nufi.
Na buga "kkk" don gwaji.
Ɗaya ya tafi. Biyu. Uku.
Layi ya koma fes.
Na gyara sunan, na sa a takardar da take karantawa in ta farka,
sannan na juya ga ainihin ciwon:
rumbu ne ya cika, minti huɗu ya ci.

Inno ta motsa a tabarma.
"Da wa kaka magana cikin dare?"
Da Gwadabawa, Inno.
"Ƙanenka hwa? Yana nan ɗaki, bai ci tuwo ba."

Na san abin da na gaya masa da la'asar,
a gaban abokansa, kan kuɗin makaranta.
Magana zarar bunu.
Na dubi layin da ba komai a kansa,
na danna maɓallin sau ɗaya, sau biyu,
na'urar ta yi ɗan ƙara: babu sauran abin sharewa a nan.

Na rufe ta.
Fitilar ɗakin Sanda tana kunne.