Baƙar Laima

Sati uku ina buga fuskar ɗan takara
a kan rigunan da za a goge mota da su bayan zaɓe,
sai ga Baba Sallau a ƙofar shagona a Fagge,
da kuɗinsa ƙulle a leda,
da abokin gardamarsa, Tanimu.

Fasta yake so,
ta wani fim da ya yi shekara tara yana haskawa
tun sinimar ba ta koma ɗakin ajiye taya ba.
Sunansa na Indiya ya gagari harshen kowa,
'yan kallo suka raɗa masa Baƙar Laima.

Na ce kawo hoto, ya ce gara ta ci.
Na ce kaset fa? Ya nuna kansa da yatsa.

Na zauna ina zana abin da bakinsa ke zubowa:
mutum a kan gada, ruwa na tsugawa,
ƙarti bakwai da wuƙaƙe, shi laima kawai,
bai kuma buɗe ta ba sai a ƙarshe,
ya rufa wa gawar magabcinsa.
A nan, in ji shi, 'yan kujerar sule ke yin tsit
har ka ji mai gyaɗa na haɗiye yawu.

Fuskar fa?
Ta tagar da ba ta kai tafin hannu ba yake hango shi,
hayaƙin taba a tsakaninsu.
Na bar gurbin fari, takarda zalla.

Kala uku kuɗinsa ya isa:
baƙi, ja, ruwan ɗorawa.
Na ɗaure raga a katako, na shafe ta da magani a duhu,
na kai ta rana, na dawo na watsa ruwa,
mutumin ya taso a hankali
kamar mai fitowa daga rijiya.

Tanimu ya ce a hagu yake riƙe laimar.
Sallau ya rantse a dama.
Shekara arba'in ke nan suna wannan.
Na ɗaga ragar, na juya musu bayanta,
kowa ya ga nasa.
Ba wanda ya ji daɗi.

Na ja roba, ɗorawa ta kwanta lafiya.
Ina kan ja aka ɗauke wuta,
hannuna ya goce faɗin ƙwayar shinkafa,
mutum ɗaya ya yi inuwa biyu.
Na kai hannu zan yaga.

Ya riƙe ni.
Bari, ɗana, haka yake rawa a bango.
Ƙafa ɗaya ta injina gajeriya ce,
da kwalin ashana nake tokare ta.

Hamsin na buga, duk a goce, da gangan.
Suna shanye a igiya, ƙanshin fenti har bakin titi,
Tanimu ya zare ɗaya,
ya ɗaga wa rana bayanta, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, a hagu dai.