Daren Ƙaurar Fayiloli

Ƙarfe ɗaya saura kwata a Jekadafari.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da fankar kwamfuta.
Aikin yau ba ƙirƙira ba ne,
kwashe kaya ne.

Fayil arba'in da bakwai a ɗaki guda,
can cikin cikin manhajar da ke tuƙa na'ura.
Shekara da shekaru kowa na zuwa
ya ajiye nasa a bakin ƙofa ya wuce:
mai sauraron hasken rimot,
mai mayar da ƙyaftawarsa lamba,
da dogon jerin maɓallan kowane kamfani,
duk a cakuɗe,
kamar buhun da aka zuba wa gero da wake da ƙusa.
Wani ma ya bar sunansa a saman nasa
da shekarar da ko firamare ban shiga ba.

Na san irin wannan ɗakin.
Shagon Kawu Gidado a Tashar Dukku,
durowar ƙasa, wadda sai an tokare da ƙafa take buɗuwa.
Rimot sun fi ɗari.
Wani an ɗaure masa ciki da roba,
wani lamba biyar ta goge saboda ƙwallo,
wani batir ya yi masa amai ya bushe.
Kawu kaɗai ya san kowa da makwancinsa.
Da ciwo ya kwantar da shi,
Hammari ya yi kwana uku yana tono
don rimot ɗin wata mata daga Kumo.
Ƙarshe kuɗinta ya mayar mata, yana ba da haƙuri.

To, na yanka ɗaki uku.
Masu sauraro, nan.
Masu fassara, can.
Jerin maɓallai, ku bi ta lungu, akwai wuri.
Ko harafi ban taɓa musu ba,
don ɗan dako ba ya buɗe tukunya.
Na hangi kuskure a layi na ɗari biyu da tara,
yatsana ya yi ƙaiƙayi.
Na juya takardar kuɗin wuta
na rubuta: gobe.

Sai na ce wa inji, haɗa.
Ya zuba da gudu, layi na korar layi,
har na fara miƙa,
ya tsaya cak.
Ja.
Wani fayil ne ke kiran ɗan'uwansa a tsohon wuri,
yana ta sallama a gidan da aka tashi.
Na nuna masa hanya.
Wani ya ɗauka.
Sau goma sha ɗaya ina rakiya.
Shayina ya huce har ya yi fata.

Wajen kiran farko ya haɗu, babu ja.
Na ɗauko rimot ɗin nan mai roba,
shi kaɗai na ɗauka ranar da aka rufe shagon.
Haskensa ido ba ya gani,
sai ta kyamarar waya:
ɗan ɗigo, shuɗi-shuɗi, yana ƙyafta ido.
Na danna.
Allo ya rubuta: ƙara murya.

Abin da ya rubuta jiya.
Abin da ya rubuta bara.
Ladan aikin ke nan, babu abin da ya canza.

Inna Dudu ta fito da buta.
"Me ka gyara?"
Na ce, ba komai, Inna.
"A kan ba komai ka kwana?"
Ta girgiza kai ta wuce.

Ban iya gaya mata ba
cewa wata rana wata yarinya,
a Billiri ko a garin da ban iya kiran sunansa ba,
za ta shigo neman abu ɗaya
ta same shi kafin ruwanta ya tafasa,
ta fita ba ta san an taɓa yin shara ba.

Na kashe kwamfuta.
Takardar kuɗin wuta na nan kan tebur.
Goben ta riga ta zo.