Rariyar Yelwa

Mu ɗari bakwai muka cika ɗakin lacca a Yelwa,
wasu a taga, wasu a ƙasa, littafi bisa gwiwa.
Malam ya shigo, alli a aljihu, lasifika na shaƙewa,
ya ce, "Dubi na damanka, dubi na hagunka.
Baɗi war haka, cikin ku ukun nan, biyu ba sa nan."
Muka yi dariya.

Na damana Iliya ne, ɗan Bogoro,
yatsunsa duk tabon dalma da ƙunar waya.
Tun bai kai tsayin janareto ba yake kwance shi
ya mayar, ko noti ɗaya ba ya saura a ƙasa.
A haguna Hajjo, 'yar Dukku,
rungume da allon zane, kuɗin tumakin babanta biyu.
Gada take so ta gina a rafin garinsu.

Lissafin zangon farko ba ya gaisuwa.
Mako uku muna binsa a guje kamar masu bin a-kori-kura,
a na huɗu ya sha kwana, ya bar mu tsaye a titi.
Ga iyakar da ba a taɓa isa, kusantarta kawai ake yi,
ga wata alama mai kama da ƙugiyar mahauta
da aka rataye mu a jikinta ɗaya bayan ɗaya.
Littafi ya ce a ɗauka babu iska, babu gogayya.
Iliya ya ce, "A wace duniya?"

Karatun kwana a aji, sauro na karɓar haraji,
garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli in saƙo ya zo daga gida,
fitilar waya tana lumshe ido kafin asuba.
Ni tambayoyin shekara biyar da suka wuce na haddace,
tilawa ba fassara.
Iliya ya ƙi. Shi sai ya gane dalili.
Awa biyu aka ba mu,
dalili kuwa ya fi awa biyu tsawo.

Ran da aka liƙa sakamako a allon sashe
babu sunaye, lambobi ne, kamar baburan da aka kama.
Na bi layi da yatsa. Arba'in cif.
Da ƙyar na sha, na ce, ina haɗiyar yawu.
Iliya talatin da shida.
Hajjo ta duba sau uku, ta gyara mayafi,
ta ce bari ta je, ta bar wanki a jiƙe.

Na taɓa tarar da malamin a teburin mai shayi,
na yi ƙarfin hali na tambaya.
Ya busa kofi, ya ce, "Yaro, gada ba ta san tausayi ba.
Ɓata lamba ɗaya, motar 'yan kasuwa ce a ruwa."
Ban iya musa masa ba.
Har yau ban iya ba.

Sai dai da hutu na zauna ina kallon Inna tana tankaɗe,
gari na sauka, tsaki na rawa a saman rariya.
Ban taɓa ganin ta watsa wa kaji shi ba.
Kwano daban take ajiye masa,
jibi a ci dambu.

Hajjo ta koma sashen koyarwa,
rafin garinsu na nan yana cinye hanya duk Agusta.
Bana muna aji uku, kowa da kujerarsa, har da ta ajiye jaka.
Ana tsakiyar gwaji injin ɗakin ya yi tari ya tsaya,
mu arba'in muka kewaye shi da ƙa'idoji.
Aka buga waya.
Iliya ya iso a babur daga Muda Lawal, riga duk baƙin mai,
ya kasa kunne kamar mai sauraron jariri,
ya ce a miƙo masa sufana mai lamba sha uku.
Ni na fi kusa da akwatin.
Sha biyu na miƙa masa.
Ya juya ta a hannu, ya dube ni,
ya yi dariya.