Waƙa Ta Bakwai

A Hull, bayan tsohuwar tashar jiragen kamun kifi,
akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa
inda nake naɗe wayoyin lasifika duk daren Alhamis.
Fam arba'in, da shayi in an tuna da ni.

Su huɗu ne, masu kiɗan rok.
Fergus ne mai baki.
Shi ne a fosta, shi fitila ke bi
kamar kaza ta ga mai tsaba.
Ko tari ya yi sai an tafa.

Can baya, inda haske ke ƙarewa,
Alwyn na zaune tsakanin ganguna da faya-fayan tagulla.
Da rana gyaran famfo yake yi.
Shekara hamsin da biyu, ga tumbi, ga sanƙo,
hannuwa kamar da gizago aka sassaƙa su.
Waƙa shida, ba wanda ya san launin rigarsa.

Sai ta bakwai.

Fergus ya ja da baya, ya ɗauki gorar ruwa.
Ni ke tafiya a duƙe
in karkato makirufo zuwa bakin Alwyn,
in ji hucinsa a bayan hannuna,
warin taba da alewar tari.

Nan ne rabin ɗakin ke tuna fitsari.
Layi ya miƙe gaban mai sayar da giya,
wayoyi su fito daga aljihu.
Wani ya taɓa ce mini, ai wannan hutun rabin lokaci ne.

Muryar ba daɗi, gaskiya ɗaya ce.
Ƙyaure ne da ya sha damina ba mai.
Tana hawa sai ta tsaya a tsakiyar tsani,
ta waiwaya, ta ƙarasa da rarrafe.
Ƙafa na taka babbar ganga, hannu biyu na aiki,
baki na satar iska tsakanin bugu da bugu.
An ce taura biyu ba ta taunuwa,
ga shi yana tauna.

Waƙar ta wansa ce, Desmond,
da ya bi jirgi cikin sanyin Janairu
ya bar kekensa jingine da katangar tasha.
Ko sau ɗaya ba ya ambaton teku.
Keken kawai:
yadda sarƙa ta yi tsatsa,
yadda uwarsu ta hana a taɓa shi
har tayoyin suka kwanta.

Akwai wata tsohuwa mai koren kwat.
Goma saura kwata take shigowa,
ta biya kuɗin dare ɗungum,
ta tsaya bakin ƙofa, jaka a ƙirji.
Minti huɗu. Ba ta yin tafi.
Da bugun ƙarshe sai ta tafi.
Ban tambayi ko wace ce ba,
shi ma bai taɓa ɗaga kai ya dubi wajen ba.

Wani lokaci Fergus nake kallo.
Mutumin da ya saba cika fage,
ga shi a gefe da kacau-kacau,
ya rasa inda zai ajiye ƙafarsa.
Makon jiya na kama leɓensa na motsi,
ɗan amshi marar sauti.
Zai iya rera ta fes, ba gargada, na sani.
Shi ma ya sani,
shi ya sa bai taɓa roƙo ba.

A Gusau na yi shekaru ina bin makaɗa gidan biki,
ban taɓa tambayar sunan na baya ba.

Ta takwas, fitila ta koma gidanta,
ɗaki ya cika, na janye makirufo.

Ƙarfe ɗaya, yayyafi,
muna loda ganguna a mota cikin bututu da sifana.
Ya ce, an ji ni kuwa?
Na ce, an ji.
Ya murza wuya, ya duba agogo.
Bakwai na safe, in ji shi,
akwai famfon da ke yoyo a Hessle.